Sarakuna Biyu na Osumanu Albarka

Duk wanda ya taɓa sayen ragon layya a bakin titin da ya ratsa Nima zuwa Maamobi ya san darbejiyar nan ta kusa da tasha, kuma ya san turken da ke gindinta. Ba itace ba ne. Guntun ƙarfen babbar mota ne, wanda Baba Dramani ya kafa da hannunsa shekara hamsin da wani abu da suka wuce, lokacin da ya sauko daga garin Wa da awaki huɗu da tabarma ɗaya. Babu takarda, babu hatimi. Unguwa ce kawai ta san cewa daga gindin bishiyar zuwa bakin kwalbati wurin Dramani ne, kuma shaidar mallakar ita ce wata kitsattsiyar igiyar fata da gumin hannu ya mayar baƙa ƙirin. Wanda igiyar ke hannunsa shi ne mai wurin. Sati biyu kafin Babbar Salla, duk motar da ta taho daga wajen Kanda a nan take rage gudu, duk alhajin da ya sauke gilashi ragunan wurin yake fara gani. Sati biyun nan su suke ɗaukar gidan Dramani rabin shekara.

Da tsohon ya rasu ya bar 'ya'ya biyu. Muniratu ce babba, sai Osumanu. Igiya ta tafi hannun namijin, aikin kuma ya faɗo kan macen, ba tare da an zauna an raba ba. Ita ce ke share wurin tun asuba, ita ke sayar da dusa da harawa ga masu dabbobi, kuma a bayan bishiyar ta kafa tukwanenta na tuwon zafi da miyar ayoyo, wato lalo, inda direbobi da masu kawo raguna suke cika benci. Da tukwanen nan ta kai 'ya'yanta uku makaranta, har da autarta Basma, bayan mijinta ya rasu. Shi kuwa Osumanu, aikinsa ya zauna a kujerar roba cikin farar jallabiya, ya rataya igiyar a kafaɗa, ya ɗora ƙafa kan ƙafa, yana tauna goro yana kallon masu saye kamar sun zo roƙonsa.

Baba Dramani ya koya wa ɗansa dillanci da magana biyu. Ta farko: kada ka fara faɗin kuɗin dabba, kada kuma mai saye ya ga kana son sayarwa. Ta biyu: ka riƙa sauraron hanya, da zarar ka ji motocin ragunan Burkina sun wuce garin Techiman, ka sallama wa duk wanda ya taya da mutunci, domin gobe ragonka ba shi kaɗai ba ne a gari. Osumanu ya haddace ta farko har ta zama jininsa. Ta biyu kuwa, kamar ranar da aka faɗe ta ya fita sayen goro.

Ga yadda ciniki yake tafiya a wurinsa. Mutum ya zo ya dafa bayan rago ya ce, “Nawa?”

“Taya.”

Ya taya.

“Albarka,” in ji Osumanu, ko ɗago kai bai yi ba.

Ya ƙara. Albarka. Ya sake ƙarawa har matarsa ta tsunkule shi a hannu. Albarka. Da haka sunan ya bi shi, har yaran da aka haifa jiya ba su san ana ce masa ɗan Dramani ba, sai Osumanu Albarka. Shi kuma sunan yana masa daɗi. A ganinsa kirari ne.

Akwai shekarar Minista, wani farin balami da ya kai ƙirjin mutum tsawo. Wani alhaji mai shagon taya a Adabraka ya zo masa sau uku, a zuwa na uku har da direba da igiyar ɗaurewa. Osumanu ya ce albarka, ya kuma gaya wa masu cin tuwo cewa mutumin zai dawo ranar jajibiri yana hawaye. Ranar jajibiri abin da ya zo motoci biyar ne da aka daɗe da riƙewa a kan iyaka. Aka sauke ragunan a kasuwar dabbobi ta Tulaku, kafin azahar raguna sun cika Nima har bakin ƙofofin masallatai. Minista ya yi Salla da ransa, ya cinye wa Muniratu kwandon ayoyo guda, bayan sati uku mahauta suka ɗauke shi a kuɗin tunkiya. Osumanu ya ce ai shi ke da rago mafi kyau a garin. Gaskiya ne, ba wanda ya musa. Sai dai ba wanda ya san abin da kyawun ya ƙara masa.

Haka ya yi da Mariatu, wadda ya nema shekara shida. Uwarta na sonsa, ubanta abokin Baba Dramani ne, yarinyar ma in ta ji muryarsa sai ta gyara mayafi. Duk Nima ba wanda ke gabansa. To me zai sa ya yi gaggawa? Duk lokacin da aka ce ya turo manya a sa rana, sai ya ce bari dai bayan Salla. Wani mai walda daga Sabon Zongo ya gan ta sau biyu a gidan suna, ya kai goro a na uku. Osumanu ya halarci ɗaurin auren, ya ci shinkafa, ya gaya wa na kusa da shi cewa ai shi yarinyar take so. Wannan ma gaskiya ne.

Yana da shekara arba'in da shida lokacin da ya gano karta.

A bayan tashar akwai bes, irin dandalin da maza ke kafawa da benci biyu da butar shayin ataya, su laƙaba masa sunan wani birnin Turai da ba su taɓa gani ba. Wannan sunansa Napoli. Mutum ɗaya ne a cikinsu ya taɓa taka Italiya, wato Imurana, wanda ake kira borga kamar yadda ake kiran duk wanda ya dawo daga waje. Ya dawo da jaka ɗaya, da tari, da kwalin karta, da wani wasa mai suna poka. Yana cewa da kansa ya dawo. Ba a cika tambayarsa wanda ya biya kuɗin jirgin ba.

Wasan ba shi da wuyar ganewa. Kowa a ba shi kati biyu ya ɓoye. A tsakiyar tebur a buɗe biyar na kowa da kowa: uku a karon farko, sannan ɗaya, sannan na ƙarshe. Bayan kowace buɗewa mutum ya zuba abin da zai zuba, ko ya ƙwanƙwasa tebur ya ce a wuce. In wani ya zuba, ko ka biya daidai ko ka yar da katinka ka fita. A ƙarshe a haɗa na hannu da na tebur. Mai kati biyu masu lamba ɗaya ya fi wanda ba shi da komai. Mai biyar a jere ya fi shi. Mai biyar masu alama iri ɗaya, a ce duka zuciya, ya fi su duka biyun. A Napoli ba a zuba kuɗi. Murafan kwalbar malta ake zubawa, ranar Asabar a juya murfi ya koma kuɗi ta waya. Shi ya sa ba wanda ya taɓa ganin kuɗi a teburin, shi ya sa kuma, in ji su, ba caca ba ce, lissafi ne. In limamin layin ya tunkaro, faifai ake kifawa kan lissafin.

Osumanu ya zauna rana ɗaya ya kalla, ya taɓe baki ya ce ai wannan dillanci ne da aka cire wa warin awaki. Ɓoye abin da kake da shi, karanta fuskar ɗan'uwanka, jira. Shekara talatin yana yin haka. Kuma da farko ya ci, domin samarin bes ɗin fuskokinsu kamar allon talla suke. Duk wanda ya samu kati mai kyau sai ya fara waƙa.

Imurana ya sha gaya masa abu ɗaya. “Bra Osu, wallahi kana da ido, amma ba ka kallon tebur. In katinka ya haɗu da babban katin da ke ƙasa, kai ne a gaba, to amma ka duba sauran. In ka ga zuciya biyu a ƙasa, ko takwas da tara suna jingine da juna, akwai wanda yake jiran kati ɗaya tak ya wuce ka. Ka zuba da nauyi tun a lokacin. Ka sa jiran ya yi masa tsada. Ko ya gudu ka kwashe abin da ke nan, ko ya biya. Kada ka ba shi kati kyauta.”

“Cale, abokina,” in ji Osumanu, “kai da ka je Turai ka dawo da tari za ka koya min ciniki? Mai kaya mai kyau ba ya ihu. Zama yake yi a zo a same shi.”

“To ai nan kayan ruɓewa suke yi kana zaune.”

“Zuba min ataya.”

Akwai wani mutum da yake zuwa Napoli ba don hira ba, sai don ya sa wayarsa a caji. Sunansa Bukar, mutumin Diffa, dogo, siriri, mai zane a kumatu, mai Hausa cikakkiya wadda 'yan Nima ke ji kamar ana karanta labarai. Shekara bakwai ke nan duk Salla yana kawo raguna, kuma shekara bakwai yana ɗaure su a can ƙarshen layi, bakin babbar kwata, inda sai mai saye ya toshe hanci kafin ya taya. Dabbobinsa sun fi na kowa, wurinsa ya fi na kowa muni. Duk shekara yakan zo da ladabi ya tsuguna gaban kujerar roba ya roƙi a ba shi gefe guda a gindin darbejiya, ya biya abin da aka yanka masa. Duk shekara amsa ɗaya yake samu. Osumanu yana kiransa sarkin kwata. Bukar yana kiransa Malam Usman.

Yana jiran caji ne ya koyi wasan da ido. Wani lokaci yakan sayi murfi kaɗan ya zauna, ya yar da kati, ya yar da kati, wayarsa ta cika ya tashi. Ba wanda ke lissafa shi.

Ranar da abin ya faru Talata ce, saura kwana tara Salla, bayan la'asar. Osumanu yana da raguna goma sha ɗaya a turke, na mutane da aka ba shi ya sayar. Ya ce wa yayarsa, “Sista Muni, sa min ido, zan sha ataya in dawo.” Ta ce, “Idon nawa guda nawa ne?” Bai tsaya ji ba.

Aka raba kati. Ya ɗaga gefen nasa a hankali: sarki da as, kati biyun da suka fi sauran girma, duka baƙaƙe. Ya mayar ya kife, ya yi hamma ta ƙarya. Mutum uku suka rage a zagayen, shi da Imurana da Bukar. Aka buɗe uku na farko: sarki mai zuciya, tara mai zuciya, da baƙin takwas.

Sarki biyu ke nan, ɗaya a hannu ɗaya a ƙasa, ga as yana rufa musu baya. Babu katin da ya fi sarkin girma a teburin. Osumanu ya ji wani sanyi ya sauka masa a ƙirji, irin wanda ya ji ranar da aka sauke Minista daga mota. Zuciya biyun nan suna gabansa jajur, takwas da tara suna kafaɗa da kafaɗa, duk abin da Imurana ya yi ta faɗa an shimfiɗa shi kamar an zana don koyarwa. Bai gan su ba. Sarkinsa yake kallo. Shi ne farkon magana, kuma ɗan Dramani ba ya fara faɗin kuɗi. Ya ƙwanƙwasa tebur.

Imurana ya dube shi ta wutsiyar ido, ya ƙwanƙwasa. Bukar, wanda ya riga ya tura katinsa gaba kaɗan don ya yar, ya janyo su baya, shi ma ya ƙwanƙwasa.

Aka buɗe na huɗu: baƙin uku, wanda bai amfani kowa ba. Allah ya ba Osumanu dama ta biyu, irin wadda alhajin Adabraka ya kawo masa har gindin bishiya. A tsakiya akwai murfi wajen talatin. Ya ɗauki biyu, ya jefa su kamar mai ba da sadaka a bakin masallaci.

“Biyu?” in ji Imurana. “Bra Osu, ko rowa ce ta kama ka?”

“Abin da talaka ya samu ke nan,” in ji Osumanu, yana dariya a cikinsa. A tunaninsa dusa yake watsawa don dabbobi su matso. Imurana ya biya. Bukar ya dubi 'yan murafansa, ya dubi wayarsa da ke jikin bango, ya ga ba ta cika ba, ya biya.

Aka buɗe na ƙarshe: shida mai zuciya.

Wani saurayi da ke tsaye a baya ya ce, “Eii,” a hankali. Zuciya uku ke nan a ƙasa. Shida, takwas, tara. Duk motocin da ke hanya sun iso tasha lokaci ɗaya. Osumanu kuwa, a lissafinsa, yanzu ne jajibiri ya yi, yanzu ne mai kaya zai buɗe baki. Ya sa hannu biyu ya ture murafansa gaba ɗaya tsakiyar tebur, har wasu suka gangara ƙasa.

Imurana ya yar da katinsa da sauri kamar sun ƙone shi. “Ni dai ba da ni ba.”

Saura Bukar. Ya sake leƙa katinsa. Ya tura murafansa, waɗanda ba su kai rabin na Osumanu ba, sannan ya ce, “Malam Usman, nawa ba su kai ba. Amma ina da farin uda a can ƙasa, ka san shi. In ka ci, naka ne. In na ci, ka ba ni gefe guda a gindin bishiya, Sallar bana kawai.”

Hannunsa yana rawa. Osumanu ya gani, kuma a nan ne shekara talatin na dillanci suka taru suka kai shi ƙasa. Ya san rawar hannun nan. Ta mai saye ce wanda rago ya shiga ransa, wanda zai biya ko nawa ne, wanda ba shi da abin da zai kare kansa da shi sai kwaɗayi. Kuma bai yi kuskure ba, Bukar yana son wurin nan kamar ransa. Abin da bai tambayi kansa ba shi ne me zai sa mutumin da ya yi kwanaki yana yar da kati ya sa mafi kyawun ragonsa yau.

“Albarka,” in ji shi.

Aka yi dariya. Ya gyara zama, ya ji daɗin dariyar.

“Rago ɗaya? Sarkin kwata, ka raina gidan Dramani. Manyan nan uku da kake wa wanka da sabulu, ka sa su duka.” Ya zare igiyar daga kafaɗarsa ya ɗora ta kan murafan. “Ni kuma ba gefe ba, ba Sallar bana ba. Ga wurin gaba ɗaya.”

Dariyar ta mutu. Imurana ya kama masa hannu. “Bra Osu. Cale. Dubi tebur. Ƙirga jajayen nan.”

“Sake ni, borga.”

Daidai lokacin Muniratu ta shigo lungun da tire a kai, ta zo kwasar kwanukan tuwon da samarin suka ci da rana. Idonta bai sauka kan kati ba, ba ta san su ba. Igiyar ta gani.

“Osumanu! Me igiyar Baba yake yi a kan wannan ƙazantar?”

“Sista, maganar maza ne.”

“Maza? Ina mazan? Ɗauke shi!”

“Yau za ki ci naman uda,” in ji shi, “ki je ki nemo albasa.”

Ya miƙa wa Bukar hannu. A kasuwar dabbobi, in mai saye da mai sayarwa suka haɗa hannu, shaida ya sa nasa ya raba su, magana ta ƙare. Ko uban mutum bai isa ya ta da ita ba. Wannan shi ne abu guda da Osumanu yake da shi wanda ba a taɓa yi masa gori a kai ba: bai taɓa warware hannun da aka raba ba. Bukar ya dubi Muniratu, ya sunkuyar da kai, ya ce, “Malam Usman, ka tabbata?”

“Tsoro ya kama ka?”

Bukar ya ba shi hannu. Imurana ya ƙi rabawa. Mai dafa ataya ne ya ajiye buta ya raba.

Osumanu ya miƙe tsaye kafin ya buɗe nasa, don na baya su gani. Ya buga sarkin a tebur da ƙara, ya bi shi da as. “Sarki biyu! Ku gaishe su!”

Bukar ya juya nasa a hankali, ba ƙara. Biyu mai zuciya. Huɗu mai zuciya. Ƙananan kati, irin waɗanda ko yaro ba ya murnar samu.

Osumanu ya fashe da dariya. Ya yi ta shi kaɗai na ɗan lokaci, har ya lura ba wanda ya taya shi. Imurana ya sa yatsa yana taɓa katin ɗaya bayan ɗaya, uku a ƙasa, biyu a gaban Bukar, yana ƙirgawa da ƙarfi kamar ana koya wa ɗan aji ɗaya.

“Amma ni ke da sarki,” in ji Osumanu.

“Kai ke da shi,” in ji Imurana.

“Tun farko ni ke gaba.”

“Tun farko kai ke gaba. Har na huɗu kai ke gaba.”

Bukar bai yi murmushi ba. Ya ɗauki igiyar da hannu biyu, ya ce, “Wallahi Malam Usman, da ka zuba murfi ashirin a karon farko, da na yar na tafi duba dabbobina. Har na tura katin. Kai ne ka bar ni na zauna.” Ba gori yake yi ba, gaskiya yake faɗa, shi ya sa ta fi ciwo.

Muniratu ba ta yi kuka ba, ba ta yi ihu ba. Ta kwashe kwanukanta ɗaya bayan ɗaya, ta jera su a tire, ta ɗora a kai. A bakin lungun ta juyo ta ce, “Sarkin naka, ka kawo shi gida in ga ko zai biya wa Basma kuɗin makaranta.”

A gida ta ce ya tashi ya je wurin dattawan kasuwa su shiga maganar. Ya ce ba zai je ba. In ya je sai ya tsaya gaban limami da abokan ubansa ya faɗi a kan me aka haɗa hannun, kuma ko lissafi ya kira shi, tsofaffin nan sun san sunansa na gaskiya. Ban da haka, an raba hannu. Ya faɗi wannan yana ɗaga kai, kamar wanda ya ci kyauta. Ta dube shi ta ce da ma a ce rabin taurin kan nan a kwanyarsa aka zuba.

Da gari ya waye ita ta tafi bakin kwata da kanta, ta sami Bukar yana ba dabbobi ruwa. Ya tashi ya gaishe ta, ya kawo mata benci. Ba ta zauna ba. Ta ce ita ba ta zo roƙo ba, ta zo ta ji ne ko ta kwashe tukwanenta.

“Hajiya, shekara bakwai tuwonki nake ci,” in ji Bukar. “Ko cokali kada ki ɗaga. Dusa da harawa ma a wurinki zan saya, da ni da mutanena.” Ya shafa igiyar da ke rataye a wuyansa. “Kuma jiya ban yi barci ba. Abin da na roƙa gefe ne, ba gidan mutane ba. Zan je in same shi.”

Ya je kuwa. A gaban masu cin tuwo, a gaban direbobi, ya tsuguna gaban kujerar roba kamar yadda ya saba, ko da yake yanzu kujerar ce take zaune a wurinsa. Ya ce, “Malam Usman, mu raba. Daga turke zuwa titi naka, daga turke zuwa kwalbati nawa. Igiya ta zauna wurin Hajiya. Ba sai ka ba ni komai ba.”

Muniratu ta tsaya da muciya a hannu. Duk wanda ke wurin ya san ba a taɓa taya ɗan Dramani da mutunci irin wannan ba.

Osumanu ya dubi mutumin da ke tsugune. Ya ga idonsa ja don rashin barci, ya ga ya zo da ƙafarsa ba a kira shi ba, ya ga shi ya fara faɗin farashi. Wanda ya kawo rabi da kansa yau, lamirinsa na cizonsa. In aka bar shi ya ƙara kwana biyu, duka zai kawo. Ya tofar da goro, ya kau da kai wajen titi.

“Albarka,” in ji shi.

Bukar ya ɗan jima a tsugune, ko zai ji wata magana. Bai ji ba. Ya miƙe, ya kaɗe gwiwar wandonsa, ya ce, “To, Allah ya sa haka ya fi alheri.” Kafin azahar ya kawo ragunansa ya ɗaure a turken Baba Dramani. Farin udan nan bai kwana biyu ba wata mota mai baƙin gilashi ta ɗauke shi.

Shekara uku ke nan. Muniratu tana nan a bayan darbejiya, ta ƙara tukunya ɗaya saboda mutanen Diffa suna da ci, kuma Basma ta gama sakandare. Igiyar tana wuyan Bukar. Osumanu ya kai kujerarsa ƙarshen layi, bakin kwata, inda farar jallabiya ba ta kai azahar da farinta. Masu ba shi raguna sun ragu zuwa mutum biyu, su ma don kunyar marigayi. In ka tsaya kusa da shi minti biyar zai zana maka teburin a ƙasa da tsinke: ga sarki, ga tara, ga takwas, ga abin da ke hannunsa. Zai tambaye ka, tsakaninka da Allah, wa ke gaba? In ka ce shi, sai ya buga cinya ya ce, “To ka gani!”

Duk yamma in Bukar ya bi ta wurin zai tafi masallaci, yakan ce, “Sannu da aiki, Malam Usman.” Osumanu ba ya amsawa da sauri, kada a ga yana so. Sai ya wuce yake juyawa ga na kusa da shi, ya rage murya, ya ce, “Ka ga yadda yake gaishe ni? Ya kusa. Bari dai bayan Salla.”